Yankari: abin da muhawarar ta tsayar

Ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan yadda za a kula da gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi:

1. Tarihi babu gardama. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓa a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006.

2. Kowa ya yarda masu gadin daji ne ƙashin bayan aikin. A biya su albashi kan kari, a ba su takalma, motoci da man sintiri. Nan ni ma na fi ba da ƙarfi, don mai gadi da yunwa ba zai tunkari mafarauci ba.

3. Manoman da giwaye ke tattake wa gonaki, a biya su diyya.

4. An rabu kan mallaka: wasu na so Tarayya ta sake karɓa saboda kuɗi, wasu sun ce jihar ta riƙe abinta, ta gyara masaukin baƙi na Wikki da ke cikin dajin.