"An bar jaki ana dukan taiki": wane ne jakin a ƙungiyar Chicago Bears?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman ku raba mini gardama da ɗan yayata, domin mun yi musu a wajen wata walimar suna a nan Chicago har sai da masu gida suka shiga tsakani. Maganar ƙwallon Amurka ce. Bears ta ƙare kakar 2024 da cin wasa 5, aka lallasa ta a 12, goma daga ciki a jere. Ni na ce yaron da suka ɗauko, Caleb Williams, shi ne matsalar, domin kwatabak, wato mai jifan ƙwallo da ke jagorantar hari, wanda aka kayar ƙasa yana riƙe da ƙwallo har sau 68 a kaka guda, fiye da kowa a gasar, ba zai ce ba ya jinkirin jifa ba. Sai wannan yaro, wanda a gabana aka yanke masa cibi, ya dube ni ya ce, "Kawu, kun bar jaki kuna dukan taiki." A wurinsa masu horarwa su ne jakin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙungiyar ta sallami mai tsara mata hari, Shane Waldron, a watan Nuwamba, ta sallami babban koci Matt Eberflus kafin watan ya ƙare, shi kuwa Caleb yana nan daram. To, idan duka ake magana, wa aka daka? A ganina ni ya kamata in faɗa masa wannan magana, ba shi ba.

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni ban san wannan wasa ba, amma na san maganar. Ba a yin ta don kawai an zargi wanda bai yi laifi ba. Ana yin ta ne idan an san mai laifin sarai, amma ana shakkar taɓa shi, ko don yana harbi, ko don ana da bukatarsa gobe. Saboda haka tambayar da za ku yi ita ce, tsakanin kocin da yaron, wanne ne masu ƙungiya ba za su iya rabuwa da shi ba? Idan yaron ne, to gaskiya tana wajenku, kuma kocin ne ya zama taiki.

Ɗan Zongo:
Malam, da girmamawa, kun auna maganar da tsada, alhali ita da tafiya ake auna ta. Taiki ba ya zaɓen hanya, inda aka ɗora shi nan yake zama, kuma inda jaki ya nufa can za shi. A wannan wasa ba kwatabak ne ke zaɓen dabarar da za a yi ba. Koci ne ke faɗa masa ta wata 'yar rediyo da ke cikin hular kwanonsa, ana kuma katse maganar idan saura daƙiƙa 15 daga cikin 40 da ake ba su kafin kowane tashi. Ni a New York nake, kuma mun sha wannan da ƙungiyarmu ta Jets. A 2018 suka ɗauki kwatabak Sam Darnold a matsayi na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara, suka damƙa shi daga baya a hannun koci Adam Gase, a 2020 ƙungiyar ta ci wasa 2 kacal cikin 16, kowa ya ce yaron ba shi da amfani. Shi ne wannan Darnold ɗin da a kakar 2024 ya ci wa Minnesota wasa 14 a ƙarƙashin koci Kevin O'Connell. Hannun bai canja ba, jakin da aka ɗora shi a kai ne ya canja.

Baban Sadiya:
Ɗan Zongo, ka tsaya da labarin inda ya yi maka daɗi. Me ya sa ba ka faɗi yadda ya ƙare ba? A wasan ƙarshe Detroit ta ba Minnesota kashi 31 da 9, a wasan fitar da gwani kuma Rams ta kayar da shi sau tara, aka tashi 27 da 9, kuma kocin da kake yabo yana tsaye a gefen fili yana kallo.

Injiniya:
Ku ba ni dama in mayar da ku ranar 28 ga Nuwamba, wasan da aka yi a Detroit, domin a nan ne maganar take da wuyar yankewa. Bears tana baya da maki uku, 23 da 20, ta matso inda bugu ɗaya zai iya kawo kunnen doki, sai aka kayar da Caleb saura daƙiƙa talatin da 'yan kai. Suna da sauran dama guda ta tsayar da agogo. Koci yana da ikon amfani da ita, kwatabak ma yana da wannan iko. Babu wanda ya yi. Agogo ya yi ta ci, aka yi jifa ɗaya da bai kai hannun kowa ba, aka tashi da damar a aljihu. Washegari aka sallami Eberflus, wanda shi ne karo na farko da ƙungiyar ta kori babban koci a tsakiyar kaka a tarihinta na sama da shekara ɗari. To me ya biyo baya? An cinye su a wasanni huɗu na gaba, har da wanda Seattle ta ci su 6 da 3, wato sashen kai hari bai iya kai ƙwallo gidan abokan karawa ko sau ɗaya ba. Idan Eberflus ne jakin, an sauya jaki amma kaya bai motsa ba. Ni na fi ganin wannan ya dace da "idan ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Maman Ihsan:
Ku yi haƙuri in shigo, domin ni wannan magana ba na jin ta ban tuna kakata ba, Allah ya jiƙanta. Ita ba a bakin mutane ta ji ta ba, a kanta ta faru. Tana amarya a wani ƙauye kusa da Gumel, wata shekara bayan girbi kakanmu ya so ya kai gero kasuwar Maigatari, kuma ba shi da jaki, sai ya aro na dagaci. Taikin kuwa nata ne, mahaifinta ya sa baduku ya ɗinka mata ta zo da shi gidan miji. Suka ɗora, suka kama hanya, ita tana biye da ƙwaryar fura a ka. Da suka isa wani wuri mai yashi sai jaki ya toge, aka ja shi ya ƙi, aka tura shi ya ƙi. Kakanmu mutum ne mai zafin rai, ga sanda a hannu, amma jakin na dagaci ne, kuma ya san idan ya mayar da shi da sahun bulala sai ya yi bayani a fada. Sai ya shiga narkar taiki, wai don jaki ya ji ƙara ya zabura. Ta ce tun tana cewa "Malam, a yi haƙuri" har ta yi shiru. A bugu na nawa ne oho, ɗinki ya ɓalle, gero ya tsiyaye cikin yashi.

Ta ce abin da bai taɓa barin ranta ba shi ne, jakin ya juyo a hankali ya sa baki ya fara cin geron. Ita kuwa ta aro faifai a wata ruga, ta durƙusa tana sheƙe gero daga yashi tun hantsi har la'asar sakaliya, kasuwa ta watse ba su je ba. Da aka sauke kaya domin a ɗaure bakin taiki, sai ga wani miki ɗanye a ƙarƙashin akumari, kuma kayan ma an ɗora shi a karkace, nauyin duk ya koma kan ciwon. Wanda ya ɗora kayan kuwa kakanmu ne da hannunsa, da asuba, cikin gaggawa, bai ɗaga akumari ya duba ba.

Har ta rasu, idan ta ga an bugi yaro a gida saboda laifin uwarsa, ba ta faɗin maganar gaba ɗaya, sai dai ta ce, "Wa ya ɗora kayan?" Kakanmu idan ya ji sai ya ɗauki buta ya fita.

Ɗan Zongo:
Allah ya jiƙan Iya. Hajiya, jakin da ya juyo yana cin gero ai koci ne sak, domin idan an kore su ana ci gaba da biyansu sauran kuɗin kwantiraginsu suna zaune a gida.

Mai Shayin Unguwa:
Su can har suna korar jaki. Mu a jiharmu idan aiki ya lalace sai mai girma ya rushe majalisar kwamishinoninsa, a daki taiki goma sha tara rana guda, shi kuwa jakin a ɗaura masa sabon akumari ya nemi zango na biyu. Geron kuma ba a ma jira taiki ya fashe.

Malamin Firamare:
Mai Shayi, za su ce maka ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma fadawan ne da kansu ke faɗin haka a rediyo. Amma mu koma kan labarin Hajiya, domin ya rushe abin da na faɗa da farko. Na ɗauka maganar tana tabbatar da laifin jaki. A labarin nan jaki yana da uzuri, taiki ba shi da laifi, mai sandan ne ya jawo komai, alhali karin maganar ba ta ambace shi ba ko kaɗan, ta ɓoye shi a cikin "an" da "ana". Shekara talatin ina koyar da ita ban lura da wannan ba.

Injiniya:
To idan tambayar Iya za a bi, amsar tana ofishin masu ƙungiya, iyalan McCaskey da manajojin da suke naɗawa. Ku dubi yadda suke ɗora kaya. A 2017 suka ɗauki Mitch Trubisky a matsayi na biyu, suka bar Patrick Mahomes ya tafi Kansas City a na goma, suka ba koci John Fox yaron, kaka tana ƙarewa suka kori Fox. A 2021 suka ɗauki Justin Fields suka ba Matt Nagy, kaka tana ƙarewa suka kori Nagy. A 2024 suka ɗauki Caleb suka ba Eberflus, wanda bai ma kai ƙarshen kaka ba. Sau uku ke nan ana ɗora sabon taiki a kan jakin da kowa ya ga mikinsa, sannan yaro ya shiga shekararsa ta biyu yana koyon sabon tsari daga tushe. A farkon 2025 kuma suka ɗauko Ben Johnson, mai tsara wa Detroit hari, ya zama babban koci.

Baban Sadiya:
Injiniya, na ji, amma kada a mayar da ƙato mai karɓar miliyoyin daloli ya zama buhun gero wanda ba shi da ido ba shi da ƙafa. Taikin Iya bai iya jefar da komai ba, wannan kuwa yana iya jefar da ƙwallo waje ya tsira. Kuma ku tuna kwatabak Tom Brady da kocinsa Bill Belichick, waɗanda suka ci Super Bowl, wato kofin gasar, sau shida tare a New England. Brady ya koma Tampa Bay a 2020 ya ci na bakwai a kakarsa ta farko, Belichick kuwa ya ƙare 2023 da cin wasa 4 cikin 17, suka rabu da ƙungiyar. A nan wa ke ɗauke da wa?

Ɗan Zongo:
Alhaji, kowa ya kawo Brady sai a kawo masa Jared Goff. A 2016 ya fara wasa bakwai a Rams ƙarƙashin tsohon tsari, bai ci ko ɗaya ba. Koci Sean McVay ya zo a 2017, suka ci 11, kaka ta gaba suka kai Super Bowl. Na san za ku ce McVay ɗin ne ya gaji da shi ya musanya shi da Matthew Stafford a 2021, ya kuma ci kofin a wannan kaka ta 2021, to na riga ku faɗa. Amma Goff ɗin da aka yar shi ne ya ci wa Detroit wasa 15 a 2024, a hannun wannan Ben Johnson da kuka ɗauko.

Maman Ihsan:
Ni dai abin da nake ji wa yaron nan tsoro shi ne ɗinki. Mijina ya ce akwai wani kwatabak, David Carr, da aka kayar sau 76 a kakarsa ta farko a Houston a 2002, kuma bai taɓa zama abin da aka yi zato ba. Taikin Iya ma an mayar wa baduku ya ɗinke, amma ta ce bai sake riƙe gero ba, sai ƙaiƙayi da kayan sawa ake zubawa.

Mai Shayin Unguwa:
Hajiya, ba ki faɗa mana yadda aka ƙare da dagaci ba. An mayar masa da jakinsa a ƙoshe, ko ya yi godiya?

Maman Ihsan:
Ya ce mikin a hannun kakanmu jakin ya samo shi, ya sa aka ci shi tarar dami biyu na gero. Iya kuma ta rantse har ta bar duniya cewa ciwon ya kwana biyu, domin ta ga ƙuda sun san wurin.

Malamin Firamare:
Wato ko asalin mikin ma ba a daidaita a kansa ba. Ina da wata tambaya ga mutanen Damagaram da Maraɗi da ke nan: ku ma taiki kuke cewa? Na taɓa jin wani dattijo ya sa mangala a wurin, kuma idan mangala ce, ai aljihu biyu gare ta, sai a san wanne ɓangare aka daka.

Baban Sadiya:
Malam, kada ku ƙara mini aiki. Ɗan yayar tawa yana cikin masu karanta wannan, ya aiko mini saƙo yanzu cewa shi ma yana da tambaya, wai a wajen walimar nan da na ɗaga masa murya a gaban mutane, Caleb nake jin haushi ko shekaru kusan arba'in da Bears ta yi rabonta da kofi tun kakar 1985. Na ce masa ya zo gida ranar Lahadi ya maimaita a gaban uwarsa.