Musayar waƙa: daga layin rajista zuwa takardar sakamako

Ɗan Tasha:
Salamu alaikum, manyan zaure. Mai amsa ya amsa da baiti.

Ku bar ni da zancen zaɓe haka nan,
Wanda bai hango riba ba, bai shiga kasuwa ba.
A 2023 masu rajista sun haura miliyan 93,
Masu fita rumfa ko kashi 30 ba su kai ba.
Duk waɗanda suka zauna gida wawaye ne,
Ko sun gane abin da ku ba ku gane ba?

Malam Mai Alli:
Ɗana, lissafinka ba ya buƙatar gyarawa,
Fassararsa ce ta kauce, ga inda take zamewa:
A ce 700 ke rumfa, 200 ne ke fitowa,
Mai kuɗi mutum 101 kawai zai nemi sayewa,
Ku fito 600, jakarsa ba ta iya ɗaukewa,
Zamanka a gida rangwame ka yi masa, ba ƙauracewa.
Shekara 18 ita ce ƙofar shigowa,
Rajista sau ɗaya ce, ta biyu na'ura na ganowa,
In ka ƙaura, canjin rumfa ake nema, ba sabuntawa.
Ran da hukumar zaɓe INEC ta kafe sunaye don dubawa,
Je ka ga naka, ka nuna na mamaci a yi cirewa.
'Yar takardar rajista ba kati ba ce, kar ta ruɗi kowa,
Na dindindin da ƙafarka ake karɓa, ba a aikawa.

'Yar Sa-ido:
Malam ya kawo ka ƙofa, ƙanena, bari in shigar da kai.

Ƙarfe 8:30 ake buɗe rumfa da safe,
A ɗaga akwati fanko a nuna kafin a rufe,
Ka nemi sunanka a rajistar da aka kafe,
Na'urar tantancewa BVAS ta duba yatsa, in zanensa ya shafe,
Sai ta koma fuska, ba a korarka gida.

Takardar da aka miƙo maka, juya bayanta,
Hatimi, sa hannu, kwanan wata, su ne shaidarta,
Dangwala gurbi ɗaya, kar ka ƙetare iyakarta,
Yatsa a jam'iyya biyu, ka riga ka lalata ta,
Naɗe ta rubutu a ciki, ka kula da ɗanyar tawada.

Ƙarfe 2:30 ake tsayar da layi,
Wanda ke ciki zai jefa ko da dare ya yi,
A nan jama'a kan watse, babban kuskuren da ake yi,
Ƙirga da murya ake, a fili, ba a ɗaki ake yi,
Tsaya ka bi su ɗaya-ɗaya, idonka ne shaida.

Fom EC8A shi ne uwar sakamako,
Wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba su kwafi tun farko,
A rubuta adadin a liƙa jikin bango,
BVAS ta tura shi IReV, shafin INEC na intanet, a hoto,
Kai ma ciro wayarka ka ɗauki hoton takarda.

Ɗan Tasha:
Yaya, kin faɗi rumfa, ba ki faɗi hanya ba,
Daga rumfa zuwa wurin tattarawa ba ki bi dare ba.
Ran 25 ga Fabrairun 2023, a zaɓen shugaban ƙasa,
Hotunan ba su hau IReV a kan lokaci ba.
INEC ta ce tangarɗar na'ura ce aka samu,
Kotun Ƙoli kuma ba ta ɗauki shafin a matsayin wurin tattarawa ba.
To hoton wayata ya zama na tarihi kenan?

Lauyan Zaure:
Ƙanena, ɗan takara ko jam'iyya ke shigar da ƙara a kotu,
Kwana 21 daga sanar da sakamako, ba a cire ranar hutu,
Bayanan shaidu tare da ƙarar suke tafiya a rubutu,
Kwana 180 na hukunci, 60 na ɗaukakawa, in sun wuce ta mutu.
Alƙali ba ya cin “kowa ya sani”, rumfa-rumfa ake so ta tabbatu,
Wakilin da ya tsaya ya gani, shi ne shaidar da ta karɓu.
Rumfuna 176,846 ne, mai ƙarancin wakilai ya karye kafin a haɗu.
Ƙuri'u in sun haura waɗanda BVAS ta tantance, sakamakon rumfar ya soku,
Da hotonka ake kama 41 da ta wayi gari 410 a rubutu.
Abin da ke kashe ƙara kuwa, wakili marar karatu,
A ce masa “sa hannu tun yanzu, yamma na yi”, fom fanko, ya yarda ya sanyu.
Yanki katin jam'iyya a mazaɓarka, nemi wakilcin, abu ne mai yiwu.

Gwaggon Unguwa:
'Ya'yana, kun tsaya ranar zaɓe kamar ita ce biki,
Shekara 4 ke bayanta, a can ne aiki.
Matan Arewa sai 1976 aka ba su shiga ciki,
Gambo Sawaba ta sha ɗauri kafin a buɗe wannan ɗaki.
Kasuwa, tasha, kwata, shara, ƙaramar hukuma ake kai wa koke, ba tsaki,
Sanata doka da kasafi da sa ido ne nasa, ba ragon suna da kayan ɗaki.
Ƙananan hukumomi 774, a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta sa baki,
Ta ce kasonsu ya faɗa asusunsu kai tsaye a banki.
Dokar samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta buɗe baki,
Rubuta sunan aikin, wuri, shekara, nawa aka ware a ciki,
Ka dawo da kwafi mai hatimin karɓa, in babu shi ka yi aikin baban giwa, ba aiki.

Ɗan Tasha:
Gwaggo, in wanda aka zaɓa bai waiwayo ba,
Tsarin mulki bai bar hanyar dawo da shi gida ba?

Lauyan Zaure:
Kiranyen ɗan majalisar tarayya yana sashe na 69 a rubutu,
Fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa su sa hannu kafin ta motsu,
INEC ta tantance, ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 in ya tabbatu,
Na Sanata Dino Melaye a 2018 wurin tantance sa hannu ya mutu.
Fidda gwani ya fi sauƙin tarewa, tun a mazaɓa ake haɗu,
Kuma tun 2018 mai shekara 25 takarar majalisar wakilai ta halattu.

Ɗan Tasha:
Shekarun sun kai, Yallaɓai,
Kuɗin fom ɗin jam'iyya ne ba ka saka a baiti ba.