Kare hanyoyin karkara a Masachusets da Kanetikat: abin da masana suka yi ittifaƙi a kai

Waɗanda suka san harkar sun ce a fara da fahimtar iyakar dokar. A jihar Masachusets ta Amurka, dokar 1973 ta ba gari damar ayyana hanya a matsayin mai kyan gani, ban da manyan titunan jiha. Da zarar an ayyana ta, ba a sare bishiya ko rushe katangar dutse a aikin gyara ko zuba kwalta sai da rubutaccen izinin hukumar tsara gari, bayan zaman jin ra'ayin jama'a da aka sanar sau biyu a jarida, na ƙarshe aƙalla kwana 7 kafin zaman.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne dokar ta tsaya a filin hanya. Bishiyar da ke cikin gonar mutum ba ruwan dokar da ita, kuma ba ta hana gina gidaje. Don haka a nemo taswirar iyakar hanya tun da wuri, a ɗauki hoton kowace katanga, a auna kaurin bishiyoyi. Ya kamata dokar gari ta fayyace kaurin da ya kai a kira abu bishiya, in ba haka ba ɗan kwangila ya ce sharar daji ya yi. Tarar karya dokar ma ba ta wuce dala 300, abin da bai kai ya tsorata kowa ba.

A jihar Kanetikat kuwa, ba a ayyana hanya a matsayin mai kyan gani sai masu filayen da suka mamaye fiye da rabin tsawon bakin hanyar sun amince a rubuce. A bi su gida-gida kafin a shigar da takarda, domin da yawa suna zaton za a daina gyara musu hanya ne.