Wanke Gashin 'Yar Tsana da Warware Shi

A wani taron suna a Mabera, nan Sakkwato, hira ta kai mu ga 'yan tsanan yara da gashinsu ke cukurkuɗewa har uwa ta jefar da su. Ga abin da na tsinta.

Bakin kowa ya zo ɗaya kan cewa gashin nan zaren roba ne, ba ya shan mai. Man kaɗe ko basilin ƙurar hunturu kawai zai kwaso, ya danƙare. A wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan shamfu, ana shafawa daga sama zuwa ƙasa, ban da cuɗawa. Sai a shafa kwandishana, wato abin sa gashi laushi, a bari ya jiƙa.

Wata mai kitso ce ta fi daɗewa kan tajewa, kuma maganarta ta fi kama mini hankali. Ta ce a raba gashin kashi-kashi, a riƙe tushen da yatsu, a fara daga baki da mataji mai manyan haƙora, ana hawa a hankali. Wadda ta fara daga tushe tuge shi za ta yi, ga shi ba ya sake tsirowa. Na ga yadda ɗiyata ta yi kuka kan haka.

An ɗan yi gardama kan ruwan zafi. Wasu sun ce yana miƙar da gashin, wasu sun ce wani zaren ƙanƙancewa yake yi, don haka a gwada da ɗan tsinke daga ƙeya. Diraya kam a'a.

A shanya a inuwa. 'Yar tsana mai batir kuwa, kada ruwa ya taɓa jikinta.