Baƙin dutsen da garma ta tono a gonar Baba: ina zan kai a gwada?

Ɗan Darazo:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar muna huɗa, garma ta tono wani baƙin dutse kamar dunƙulen hannu, amma nauyinsa ya fi girmansa. Na ciro maganaɗisun tsohuwar sifika, ya manne masa ƙam. Baba ya ce gatarin aradu ne, ya naɗe shi a tsumma. Jiya wani baƙo ya zo yana taya shi, wai daga sama ya faɗo. Hankalina bai kwanta ba, ba na so a cuci tsoho. Wa ya san inda ake gwadawa?

Malam Na Yelwa:
Wa alaikumus salam. Kama maganaɗisu bai isa hujja ba, ƙanena. Tama ma tana kamawa, haka kashin ƙarfen da tsoffin maƙera suka bari a kufai. Duba jikinsa da kyau: in ka ga ƙananan ramuka kamar soso, kashin maƙera ne. Na sama yakan zo da siririn baƙin ɓawo, da lotsawa kamar an danna babban yatsa a ɗanyen yumɓu. Ka goga shi a bayan tayil. In ya bar jan layi, tama ce.

Amma hukunci na ɗakin gwaji ne. Ka fara da sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a nan Bauchi. Hukumar binciken ma'adanai ta ƙasa kuma tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Abin da za a nema wani nau'in ƙarfe ne mai suna nikel: ƙarfen da ya faɗo daga sama yana ɗauke da shi, yawanci kashi 5 cikin ɗari ko fiye. Ɗan ɓalli za su yanka, kada ka bar musu dutsen gaba ɗaya.

Maman Ihsan, Gombe:
Abin yana faruwa fa. A 1984 wani dutse ya faɗo daga sama a Gujba, nan maƙwabtanmu. Na Zagami a Katsina, 1962, kilo 18, daga duniyar Mars aka gano ya fito. Don Allah kada ku wanke shi da ruwa, tsatsa zai yi.

Ɗan Darazo:
Na gode ƙwarai. Na goga a tayil, layin toka-toka ne, bai fito sosai ba. Ramuka kuwa akwai biyu a gefe guda, abin ya ɗan sanyaya min jiki. Litinin in sha Allahu zan shigo Bauchi da shi, Baba ya amince.