Suga na ya ƙi sauka duk da na koma tuwon alkama, ina mafita?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ciwon suga ko masu jinyar mai shi ku taimaka min da shawara. Shekarata 47, wata takwas kenan da aka ce min ina da nau'i na biyu, likita ya ɗora ni a kan metformin 500 safe da dare. Tun ranar na daina sa sukari a shayi na koma zuma, tuwon shinkafa ma na bar shi sai na alkama kullum da daddare tunda shi kowa ke cewa. Amma wallahi duk safiya in na soki yatsa kafin in karya sai in ga 190, wani lokacin har 210, ga fitsarin dare sau uku sau huɗu ga ƙishirwa, da rana ina shago idona na yin hazo-hazo. Hankalina ya tashi sosai don shi ne ajalin mahaifinmu bayan an yanke mai ƙafa. Me nake yi ba daidai ba?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam, sannu malam, Allah ya jiƙan Baba. Ni shekara 11 ina tare da ciwon nan kuma irin abin da ka yi shi na yi da farko. Maganar alkamar nan ta cuci mutane da yawa wallahi, ana ɗauka magani ce sai mutum ya zauna ya tashi da malmala uku yana ganin ai na masu suga ne, alhali ita ma in ta shiga ciki suga take zama kamar masara da gero da shinkafa, balle an niƙe ta luƙui. Yawan shi ne matsalar. Ni yanzu kowane tuwo ne malmala ɗaya ƙarama kamar dunƙulen hannuna, sai in cika kwanon da miya, kuka ko kuɓewa ko ta ganye, in sa kifi ko nama, wani lokacin kwaɗon zogale ko rama amma ƙulin da ba a sa mai sukari ba. Wake ma yana riƙe ni sosai. Sannan ina ci da wuri, bayan magariba, in ɗan zaga tsakar gida minti 15 kafin isha, ba in ci in bi lafiyar gado ba.

Zumar kuma ka ajiye ta dan Allah. Na san muna ƙaunarta, amma ka gwada da kanka, ka sha shayin da ita ka auna bayan awa biyu za ka gani da idonka.

Na Gwandu:
Alhaji ka samu ganyen shuwaka da garafuni ka riƙa dafawa kana sha, yayana shi yake sha har ya ajiye na asibiti.

Sista Maijidda:
Malam Na Gwandu kar ka ji haushina, amma a ce wa yayanka ya je ya auna, ya koma kan maganinsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, waɗanda ake kawo mana da gyambon ƙafa ko ƙoda ta taɓu da yawansu haka suka fara, an ce sun warke sun ajiye magani, shi kuma ciwon yana ci a ɓoye ba zafi.

Abban Khalifa, abin da ake so ga yawancin manya shi ne kafin karyawa 80 zuwa 130, awa biyu bayan abinci ƙasa da 180. Waɗannan lambobin na injin awo mai ma'aunin mg/dL ne, in injin mutum mai ma'aunin mmol ne sai ya raba su da 18 ya samu nasa. To ka ga naka ya haura, kar ka jira ranar da aka ba ka, ka koma cikin satin nan da takardar da kake rubuta awon kullum. Ka ce a yi maka HbA1c, shi ke nuna yadda sugan ya zauna a jini wajen wata uku, galibi ana son shi ƙasa da 7. Adadin metformin ɗin da kake sha na farawa ne, likita zai iya ƙarawa ko ya haɗa da wani bayan ya duba ƙodarka, amma kar ka ƙara da kanka ko a kemis. In aka haɗa maka da irin su glibenclamide kar ka riƙa tsallake abinci don yana iya faɗar da suga ƙasa da 70, ka ji rawar jiki da gumi, a nan ne ake shan abu mai zaƙi da sauri.

Hazon idon sau da yawa yana washewa in suga ya daidaita, don haka kar ka yi saurin yanko tabarau, amma a duba maka cikin idon sau ɗaya a shekara. Ƙafa kuma duk alwala ka duba tsakanin yatsu ka share su bushe, kar ka yi yawo ba takalmi. In ka ga amai, ko jiri da magagi, ko awo ya wuce 300 ya ƙi sauka, wannan na asibiti ne a ranar.

Abban Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Gaskiya malmala uku nake ci, kuma sai na taso daga kasuwa wajen ƙarfe goma. Ranar Litinin zan koma in sha Allah. Hajiya Maman Ilham, furar da nake sha da azahar fa, ita ma barin ta zan yi?

Maman Ilham:
Ni dai rabin dunƙule nake damawa da nono mai yawa ba sukari, kuma ba kullum ba. Ka auna bayan ka sha taka, ka rubuta ka kai wa likitan shi ma ya gani.