Bututun ƙarfen da ake saka taba siga a ciki, miye amfaninsa kuma ya ake gane mai kyau?

Maman Hanifa, Kofar Kaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman wanda ya san kan abun nan. Ƙanin maigidana ya dawo daga Dubai ya kawo min wani ɗan bututun alminiyam, tsawonsa kamar biro amma ya fi biro kauri sosai, da murfi mai juyawa, ya ce wai taba siga ake sakawa ciki, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganye ba takarda ba. Ni turaren wuta nake haɗawa ina saidawa, tunda na ga abun nan raina ya biya in sa a yo min irinsa in riƙa zuba itacen turare don masu kayan lefe da tsaraba. To mi ya sa ake yi wa taba guda ɗaya gidan ƙarfe, kuma in zan yi oda ta ya zan bambance mai kyau da na banza? Akwai wani siririn katako ma a naɗe a ciki

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi aiki a wani otal a Abuja inda ake ajiye su don baƙi. Ita siga ganye ce zalla, kuma ganyen waje da aka naɗe ta da shi siriri ne ƙwarai, ko farce ya taɓa shi yagewa yake, to aikin bututun na farko kenan, mutum ya sa a aljihu ko jaka ba ta karye ba. Na biyu shi ne danshi, ana so ta zauna a danshin iska wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi kamar digiri 18 zuwa 21, in ta bushe ganyen tsagewa yake, in danshi da zafi sun yi yawa kuma ta yi fumfuna ko wani ɗan ƙwaro ya ƙyanƙyashe a ciki ya huda ta kamar yadda gunda ke yi wa wake. Amma fa ki gane, bututun rage saurin bushewa kawai yake ba ya hanawa, shi ya sa masu saidawa ke saka su har da bututun cikin akwatin danshi. A hunturun Katsina da leɓe ma ke tsagewa ba zai riƙe ta da daɗewa ba. Katakon nan kuma na wani itace ne mai suna sida da ake samu a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, yana shan danshi yana saki a hankali kuma yana da ƙamshinsa. Kamfanonin Kuba irin su Romeo y Julieta da Cohiba da Montecristo duk suna fitar da wasu nasu a haka.

Injiniya Daura:
Anti bari in shigo ta ɓangaren ƙira don nan ne kuɗinki zai tafi. Yawanci ba lanƙwasa falle ake ana walda ba, ɗan dunƙulen alminiyam kamar kwabo ake sawa a mazubi inji ya doke shi da ƙarfi sai ƙarfen ya hau sama ya zama bututu, don haka mai kyau ba za ki ga layin haɗi a jikinsa ba ko kaɗan. In samfur ya zo hannunki fara da murfi, ki buɗe ki rufe sau da yawa ki ji ko zaren, wato layin da murfin ke bi in ana juya shi, yana kamawa sumul ko yana zamewa, sannan ki rufe ki nutsa shi a kofin ruwa, in kumfa na fitowa to ƙamshin turarenki ma ta nan zai gudu. Ki zagaya bakin da yatsa, kada ya zama mai kaifi. Ki haska tocila ciki ki ga ko an shafe shi da fenti mai sheƙi ko'ina ba tabo, ki shinshina, in kin ji warin fenti ko man inji ki mayar musu. Ki ɗan matsa shi tsakanin yatsu, wanda ya lotsa nan take an yi masa rowar ƙarfe. Sai awo, su masu siga suna auna kauri da inci ɗaya da aka kasa 64, misali girman sigar da ake kira Robusto na Kuba tsawonsa milimita 124 kauri 50, wato kusan milimita 20, wanda ake kira Churchill kuma milimita 178 kauri 47. Ke dai ki ba su naki awon da milimita, na ciki ba na waje ba, a rubuce.

Alhaji na Kofar Soro:
'Yata Allah ya sa wa sana'a albarka. Abu ɗaya zan roƙe ki, kada ki sayi waɗanda aka riga aka sa taba a ciki wai don araha, warin taba na kama katakon nan ba ya fita, kuma bai dace amarya ta buɗe lefe ta ga sunan kamfanin taba ba. Yaranmu kuma da ke karantawa kada kyan gidan ya ruɗe su, siga na jawo kansar baki da maƙogwaro ko da mutum bai zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba. Tun 2015 akwai dokar taƙaita taba a Najeriya, ta hana saida wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Maman Hanifa, Kofar Kaura:
Na gode Baba, sabo fil zan sa a yi da sunan turarena. Injiniya to turaren nawa jiƙe yake da mai, ba zai ci fentin cikin ba?

Injiniya Daura:
Zai iya Anti, don an yi fentin ne don busasshen ganye. Ki faɗa musu tun farko mai za ki zuba, su turo samfur, ki cika guda biyu ki rufe ki ajiye ɗaya a ɗaki ɗaya inda zafi ke bugawa na wasu makonni, in fentin ya yi laushi ko ƙamshin ya juya ki ce su canza. Katakon kuma a cire shi, zai shanye miki mai ne ya haɗa nasa ƙamshin da naki.